Fiɗar Ƙananan Dabbobi da Adana Fatarsu

Jama'a, darasinmu na yau a kan fiɗa ne. Kada wani ya yi dariya ya ce, "Wane ne bai iya fiɗa ba a ƙasar nan?" Gaskiya ne, daga Ƙofa har Doguwa da wuya a sami magidancin da bai taɓa feɗe ragon layya ba. Amma fiɗa iri biyu ce. Akwai ta mai son nama, akwai ta mai son fata. Mai son nama idonsa na kan tukunya, in wuƙa ta huda fata ba ruwansa. Mai son fata kuwa, huda ɗaya ta isa ta ɓata masa aikin yini guda.

Mutanen ƙasarmu sun daɗe da sanin darajar fata. Tun zamanin da, fatake su ke ƙetare Sahara da fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme a Kano da sauran biranen Hausa. Da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta hannun mutanen can ta bi. Har yanzu majema suna aiki a Ƙofar Wambai cikin birnin Kano, akwai kuma makarantar koyon aikin fata ta Gwamnatin Tarayya a Zariya. Majemi ya kan tuge gashi, domin baduku ya sami abin ɗinka takalmi da jaka. Mu kuwa aikin da za mu koya yau gashin mu ke so. Za mu feɗe ƙaramar dabba, kamar zomo ko kurege, tun daga hanci har wutsiya, fatar ba ta yage ba. Sa'an nan mu gyara ta, mu cusa mata wani abu, ta koma kamar yadda dabbar ta ke tun tana da rai.

Turawa suna kiran wannan aiki taksidami. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta shirya fata. Mu sai mu ce da shi cushen fata. Da can cusawa kurum a ke yi, a tura ciyawa ko tsumma har fata ta kumbura, dabba ta fito kamar buhun gyaɗa mai ƙafafu. Wani Ba'amurke mai suna Karl Akeli, wanda aka haifa a 1864 ya rasu a ƙasar Kwango a 1926, yana cikin waɗanda suka gyara wannan sana'a. Shi ya kan auna dabba tukuna, ya gina mata jiki daidai da nata, kana ya sa mata fatarta kamar riga. Giwayen da ya yi suna nan tsaye a gidan ajiye kayan tarihi na birnin Shikago. Mu ba giwa za mu yi ba, amma dabarar ɗaya ce.

To, mene ne amfanin wannan wahala? Ku tambayi dattawan garinku irin namun dajin da su ke gani a bayan gari sa'ad da su ke yara. Za su lissafa muku da yawa waɗanda jikokinsu ba su taɓa gani ba. Gonaki sun ci daji, wutar daji ta ci saura. Yaron da ke makaranta a Kiru ko Bebeji ya kan ga hoton dabbar wata ƙasa a littafi, ga shi bai san bambancin tunku da inyawara ba. Fata guda da aka gyara da kyau ta kan yi shekaru masu yawa ana koyar da yara da ita. Masu binciken ilmin dabbobi kuma da irin waɗannan fatu su ke gane wace dabba ce ke zaune a wace ƙasa. Wanda hannunsa ya faɗa a wannan aiki, ko fatar akuya ya feɗe ba za a sami tabon wuƙa a jikinta ba, dillalin fata kuwa ya san kuɗin wannan.

Da Wace Dabba Za Mu Fara?

Da zomon gida. Ana kiwonsa a garuruwanmu, mun san abin da ya ci, mun san lafiyarsa. A yanka shi yadda aka saba, a ci nama, fata ta zama ta karatu. Wurin yankan ba ya ɓata aiki, daga baya za mu ɗinke shi gashi ya rufe. A zaɓi babba wanda ya ƙosa, domin fatar ɗan ƙarami ba ta da ƙwari. Zomon daji fatarsa kamar takarda ta ke, ko gwani ta kan yage masa. Ta kurege ta fi su ƙarfi duka, tana da daɗin aiki. Bushiya kuwa a bar ta tukuna, kitse ya yi mata yawa a ƙarƙashin ƙaya.

Akwai dabbobin da ba za mu taɓa ba ko kaɗan. Na fari, mushe. Duk abin da kuka tsinta a mace, ba ku san abin da ya kashe shi ba, ku haƙa rami ku binne. Na biyu, ɓeran gida da na rumbu. A shekarar 1969 aka fara gane wani mugun zazzaɓi a garin Lassa cikin ƙasar Barno, shi ya sa a ke kiransa zazzaɓin Lassa. Wani ɓera mai yawan nonuwa ke ɗauke da shi. Ɓeran da kansa ba ya nuna alamar ciwo, amma fitsarinsa da kashinsa da jininsa suna harbin mutum. Cutar ta fi tashi da rani, tana kuwa kisa. Ba mai iya duban ɓera ya ce wannan na da ita, wancan ba shi da ita. Saboda haka ba ma fiɗar ɓera, ko wane iri ne.

Gafiya ma sai da lura. A 2003 an kai waɗansu namun daji daga Gana zuwa Amurka, har da gafiya a ciki. Ta hanyarsu ƙyandar biri ta kama waɗansu dabbobin da a ke ajiyewa a gida, daga nan ta kama mutane da dama. Wannan cuta ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2017. Abin mamaki, gafiyar nan da mu ke bi da hayaƙi, a ƙasar Tanzaniya horar da ita a ke yi tana sunsuno nakiyar da aka binne a ƙasa lokacin yaƙi. Ga hanci, ga rashin nauyi, ko ta taka nakiya ba ta tashi. To, kurege da gafiya sai wanda ya ƙware, da safar hannu, kuma sai wadda mafarauci ya kama da lafiyarta. Wanda zazzaɓi ya kama cikin mako 3 bayan ya taɓa naman daji, ya tafi asibiti maza, ya kuma gaya wa likita abin da ya taɓa. Kada ya ɓoye.

Sai maganar doka. Dajin Falgore, wanda hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ta ratsa, gandun hukuma ne, an hana farauta a cikinsa. Tun 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi tata a kan dabbobin da ke neman ƙarewa, aka ƙara mata tsanani a 2016. Kada wani ya ce darasin nan ne ya aike shi. Mu a ganinmu ma, kashe dabba don fatarta kaɗai ɓarna ce. Abin da aka riga aka yanka don ci ya ishe mu koyo. Masu cinna wa daji wuta don gafiya guda kuwa, har ta cinye wa maƙwabci tarin dawa, ba mu da abin ce musu a nan, sai gaban mai gari.

Kayan Aiki

Ba su da tsada. Sabuwar reza ko ƙaramar wuƙa mai kaifi, da almakashi, da hantsaki, da allura da zare mai ƙwari. Auduga, ko ta rimi, da zaren rama. Waya mai lanƙwasuwa, irin ta magina. Garin masara ko garin katako cikin kwano, don shan jini. Gishiri da alif, watau wanda a ke jefawa a randa ruwa ya kwanta. Tef ɗin tela, da fensir, da takarda mai kauri. Safar hannu ta roba, da sabulu. A yi aikin a inuwa, kan faffaɗan katako, nesa da madafa, nesa da yara. Mai rauni a hannu ya dakata sai ya warke. Ba a cin goro, ba a shan taba, ba a sosa ido sai an gama an wanke hannu.

Lokaci ma kayan aiki ne. A zafin bazara, in dabba ta yi 'yan sa'o'i a ajiye, sai ciki ya soma ruɓa, gashin ciki ya riƙa zuba. Gashin da ya zuba kuwa ba ya komawa. Don haka a yanka da sassafe a feɗe nan take. Hunturu ya fi kowane lokaci dacewa, ga sanyi ga iska mai busarwa.

Alƙalami Kafin Wuƙa

Kada ku ɗauki reza tukuna. Ku kwantar da zomon rigingine a kan takarda, ku miƙar da shi ba tare da ja ba, ku zagaye jikinsa da fensir. Wannan zane shi zai tuna muku girmansa in nama ya tafi tukunya. Sa'an nan ku auna abu huɗu da tef: tsawonsa duka daga kan hanci zuwa ƙarshen ƙashin wutsiya, da tsawon wutsiya ita kaɗai, da tafin ƙafar baya daga dunduniya zuwa kan yatsa, da tsawon kunne. Ku ƙara da kaurin ƙirji da na wuya. A gefen tef mai santimita za ku karanta, domin da shi masu bincike ke aiki.

Ku yanki 'yar takarda mai kauri, ku rubuta sunan dabba, namiji ne ko mace, garin da aka same ta, da kwanan wata, da awon nan, da sunanku. Ku ba ta lamba. Da fensir za ku rubuta, tawadar biro ta kan dushe ko ta narke in ta jiƙe. Ku ga misali:

Lamba 1. Zomon gida, namiji. Ƙofa, ƙasar Bebeji. Sai kwanan wata, sai awo.

Wani zai ce, "Malam, ai zan tuna." Ba za ka tuna ba. In fatu sun kai goma sai su rikice maka. Fatar da ba ta da takarda, ko ta kai ina wajen kyau, mai bincike ba ya karɓarta, domin ba ta iya faɗin inda ta fito.

Fiɗa

Ku cusa 'yar auduga a baki da hanci da dubura, da wurin yanka, don kada ƙazanta ta ɓata gashi. Ku laluba ƙirji har ku ji inda ƙashinsa ya ƙare. Daga nan za ku tsaga, ku bi tsakiyar ciki har kusa da dubura. Ku raba gashin da yatsa tukuna ku ga fata. Ku tsunkule ta ku ɗaga, ku yi 'yar ƙofa, sa'an nan ku sa almakashi bakinsa na duban sama.

A nan sabon hannu ya kan yi ɓarnar farko. A ƙarƙashin fata akwai wata tantani da ta riƙe hanji. Fata kaɗai mu ke tsagawa, ban da ita. In kuka fasa ta, hanji zai zubo, wari ya tashi, gashi ya ɓaci. In hakan ta faru kada ku yar da aikin. Ku zuba garin masara da yawa, ku ci gaba a hankali.

Yanzu ku ajiye reza. Mafi yawan fiɗar ƙaramar dabba da yatsa a ke yi. Ku sa babban yatsa tsakanin fata da nama, ku riƙa turawa zuwa wajen cinya. Duk inda danshi ya fito ku barbaɗa gari. Ku tura naman, kada ku ja fatar. Fatar da aka ja ta kan miƙe, in an zo cusawa sai a ga riga ta fi mai ita.

In kun kai cinya, ku kama ƙafar ta waje ku turo gwiwa ciki, har ta leƙo ta wurin tsagar. Ku raba fata da nama kewaye da ita, har yatsanku ya zagaya. Ku yanke a gaɓar gwiwa. Ƙashin ƙauri da tafin ƙafa su zauna tare da fata. Ku zare fatar ƙafar har idon sawu, ku kankare naman da ke jikin ƙashin sarai. Haka za ku yi wa ɗaya ƙafar. Sa'an nan ku yanke ƙarshen hanji daf da fata, ku zuba gari.

Hausawa sun ce a feɗe biri har wutsiya, sun kuwa san abin da su ke faɗi, domin wutsiya ce mai wuyar. Ta zomo gajeriya ce, ba ta ba da wahala. Amma ku koyi dabarar tun yanzu saboda kurege. Ku fid da gindin wutsiya ya fito fili. Ku sami karan dawa ku tsaga shi biyu, ku matse ƙashin wutsiya a tsakani, daf da inda fata ta soma. Hannu ɗaya ya riƙe karan kam, ɗaya hannun ya ja jikin dabbar a hankali, ba fizga ba. Sai ƙashin ya zare sumul kamar takobi daga kube, fatar ta tsaya a bayan kara. In ya ƙi, ku murza wutsiyar a kan katako ta yi laushi, ku sake gwadawa. In ya ƙi har yanzu, kamar yadda ta gafiya ta kan yi, ku tsaga ta ta ƙasa, daga baya a ɗinke. Wanda ya yi fushi ya fizga, da rabin wutsiya zai tashi a hannu.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Ku juya fatar, ku riƙa naɗe ta zuwa wajen kai kamar mai tuɓe wa yaro taguwa. Masu yin salka sun san wannan fiɗa. In kun kai ƙafafun gaba, ku turo su ciki, ku yanke a gwiwar hannu, ku kankare ƙashi kamar na baya. Ku lura a wuya, wurin yanka, kada tsagar ta ƙaru.

Sai kai. A nan za ku sake ɗaukar reza, a nan kuma za ku rage sauri ƙwarai. Mutum in ya dubi dabba fuskarta ya ke fara duba. Abin da za ku fara tararwa shi ne gindin kunnuwa, guringuntsi ne fari. Ku yanke shi daf da ƙoƙon kai, can ciki. In kuka yanke shi a sama, sai ku bar babban rami a fata. Ku ci gaba kaɗan, za ku ga ido ta cikin wata siririyar tantani. Ku ja fatar sannu har tantanin ta miƙe, ku yanka ta a jikin ƙashi, bakin reza na duban ƙoƙon kai. Fatar ido da gashinta su fito cikakku. Wadda aka yanke ba ta gyaruwa, dabba za ta zauna har abada kamar mai hararar mutane. A kusurwar ido ta wajen hanci fata ta manne da ƙashi, a bi ta da kan reza kaɗan kaɗan.

Leɓɓa kuma a yanke su daf da dasashi, sama da ƙasa. Kada ku kankare wurin da gashin baki ya tsiro da yawa, in kun yanke saiwarsa zai zube. Ƙarshe ku yanke guringuntsin hanci a jikin ƙashi. Shi ke nan, fata ta rabu da jiki.

Ku ɗauke naman nan da nan, a wanke a kai madafa, tun ba a buɗe magani ba. Amma ku dube shi da kyau tukuna, ku gwada shi da zanenku, ku ga inda ya yi kauri da inda ya tsuke. Kan kuma ku cire shi ku ajiye, yana da aiki a gaba.

Gyaran Fata

Fata tana nan a juye, cikinta a waje. Ku bi ta da hantsaki da farce, ku tsince duk wani nama da kitse. Kitse shi ne babban abokin gaba. In ya zauna ya kan narke, ya rina gashi rawaya, ya ci fata, ya kira ƙwari. Ku dubi gindin wutsiya da hammata da matsematsi, nan ya ke ɓuya. Kunnen zomo dogo ne, sai a sa tsinke marar kaifi ta ciki a raba fatar bayan kunne da guringuntsi, don magani ya shiga. In an bar shi haka ya kan ruɓe ko ya naɗe. In akwai huda, yanzu a ke ɗinke ta, ta ciki, da ƙananan ɗinki. In jini ya taɓa gashi a wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa fata ya ke yi.

Ga yadda a ke haɗa ruwan magani. A lita 5 na ruwa a zuba gishiri cikin gwangwanin madara ɗaya, da dakakken alif gwangwani ɗaya, a motsa su narke. A bokitin roba ko tukunyar ƙasa, ban da na ƙarfe, don tsatsa na ɓata gashi. A nutsar da fatar, a danne ta da dutse mai tsabta, a riƙa juya ta safe da yamma. Bayan kwana 2 a fid da ita. Za ku ga tantanin da ta rage a cikinta tana ɓaruwa da sauƙi, ku ɓare ta tun daga wajen wutsiya. Ku ƙara gishiri da alif kamar na fari, ku mai da fatar ta yi kamar mako ɗaya. Sa'an nan a ɗauraye ta sosai da ruwa mai kyau. Gishirin da ya rage a fata ya kan jawo laima da damina. A matse ta a tafin hannu, kada a murɗe kamar wanki. A tsane gashin da garin katako a kakkaɓe.

Za ku ce ina bagaruwa? Bagaruwa ita ce uwar jima a ƙasarmu, ba mu raina ta ba. Amma tana rina abin da ta taɓa, farin zomo sai ya fito ja. Toka kuwa, wadda majema ke jiƙa fata a ciki, aikinta ke nan tuge gashi, kada ta kusanci tamu. Akwai wani farin gari mai suna boraks. Wanda ya same shi ya iya shafe cikin ɗanyar fata da shi ya cusa ta ran nan, ba sai ya jiƙa ba, ƙwari kuma ba su son sa. Masu wannan sana'a na Turai a da da sabulu mai guba su ke aiki, wanda wani mai haɗa magunguna na Faransa ya ƙaga fiye da shekara 200 da suka wuce. An bar shi yanzu saboda yana cutar masu aikin. Saboda haka in kun ga tsohuwar dabba cusasshiya a wani wuri, ku duba da ido kurum. Kada kuma wani ya ɗauko maganin feshin gona ya shafa wa fata.

Kafin fata ta fito daga magani, ku gyara ƙoƙon kai. Ku dafa shi a tsohon gwangwani, wuta kaɗan, har nama ya yi laushi. Kada ya tafasa da ƙarfi, haƙora za su zube. Ku tsince naman, ku zaro ƙwaƙwalwa da lanƙwasasshiyar waya, ku wanke ku shanya. Ku rubuta masa lamba ɗaya da ta fatar.

Cusawa

Iri biyu a ke yi. Akwai kwantacciya, irin ta masu bincike, akwai tsayayya mai kama da rai. Da kwantacciya za mu fara, wanda bai iya rarrafe ba ba ya gudu.

Ku ɗauko zanen nan. Ku naɗa auduga ko zaren rama, ku yi jiki guda ɗaya mai tsini a gaba, tsawonsa da kaurinsa daidai da zanen. Gara ya ɗan kasa da ya fi. Sabon hannu kullum ya kan cika cusawa, har gashi ya tashi tsaye, fata ta riƙa leƙowa. Ku ɗinke leɓɓa ta ciki da ɗinki biyu ko uku. Ku juya fatar gashi ya koma waje, tun tana da danshi. Ku kama tsinin audugar da hantsaki ku kai shi har cikin hanci, sa'an nan ku jawo fatar a kan sauran. Ku gyara ramukan ido su daidaita, farar auduga na ɗan leƙowa.

Ku yanki waya huɗu don ƙafafu, ku tura kowace ta bi jikin ƙashi har tafin ƙafa. Ku naɗe ƙashi da waya da auduga, gwargwadon naman da kuka cire. Waya ta biyar ta wutsiya ce. A naɗa mata auduga siririya, a shafa mata garin alif, a tura har ƙarshe. In ba ta kai ƙarshe ba, kan wutsiya zai karye wata rana. Sauran wayar ya shige cikin jiki. Ku ɗinke wuya da ciki. Allura ta riƙa shiga ta cikin fata tana fita waje, dama da hagu, kuna janye gashi daga bakin zare. Ku ɗaura takardarku a ƙafar baya ta dama.

Ku kwantar da ita rub da ciki a kan katako mai taushi ko kwali. Ƙafafun gaba su miƙe gaba, na baya su miƙe baya, wutsiya a tsakiya. Ku kafe su da allurai. Kunnuwa a kwantar da su baya, a matse kowanne tsakanin kwali biyu don kada ya naɗe. Ku taje gashin da tsohon burushin haƙori. Ku tsaya ta gaba ku duba, ku koma ta baya ku duba. Abin da ya karkace yau, in ya bushe haka zai zauna.

Mai son tsayayya, in hannunsa ya faɗa, ga bambancin. Ya kan mai da ƙoƙon kai cikin fata, ya cike gurbin nama da yumɓu, ya dasa baƙaƙen duwatsun ado a gurbin ido. Jikin kuma ya ɗaure shi tamau da zare a kan waya mai ƙarfi. Wayoyin ƙafafu su huda tafin ƙafa su shiga katako. Amma kafin ya lanƙwasa ko ƙafa ɗaya, ya je ya zauna bakin akurkin zomaye ya yi kallo, ya ga yadda zomo ke tsugunawa da inda ya ke ajiye kunne.

Shanya a inuwa a ke yi, inda iska ke ratsawa. Rana tana ƙona fata ta ƙandare, gashi ya koɗe. A rataye katakon, ko a sa ƙafafun tebur cikin gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. A rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, a kuma yi hattara da kyanwa. Da hunturu mako ɗaya zuwa biyu ya isa, da damina ya kan fi haka. In kun taɓa tafin ƙafa da leɓe kun ji sun yi tauri, ba wari, ta bushe. A zare allurai, a sa ta a akwati mai murfi, tare da ƙoƙon kanta da 'yan ƙwayoyin kafur. A ɗora akwatin a sama saboda gara. Duk wata a buɗe a duba. In kun ga gari gari a ƙarƙashinta, ko gashi na zuba, ƙwari sun shiga. A ware ta daga sauran, a ɗaure ta a leda, a kai wa mai firji ta yi mako biyu a wurin ƙanƙara.

Ragowar ƙazanta da auduga mai jini da safar hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne. A wanke katako da kayan aiki da sabulu, rezar kuma a binne ta tare da sauran.

Ran Laraba mai zuwa za mu yi na gwaji a aji, da zomo ɗaya. Kowa ya zo da fensir da 'yar takarda mai kauri, ya riga ya rubuta sunansa da sunan garinsu a kai, ya bar fili huɗu na awo. Wanda ke da tef ɗin tela a gida ya aro mana.